Marie da Mairo: Asalin suna ɗaya da yadda ya yi farin jini

A farkon ƙarni na 20, kusan ɗaya daga cikin kowaɗanne 'ya'ya mata biyar da aka haifa a ƙasar Faransa ana raɗa mata suna Marie. A yau sunan ya ja baya ƙwarai a can, amma a ƙasar Hausa, inda ake kiransa Maryam ko Mairo, tauraronsa bai dusashe ba.

Mutane da dama suna ɗaukar Marie, wanda Faransawa ke furtawa Mari, a matsayin sunan Turawa tsantsa. Sai dai masana tarihin harsuna sun nuna cewa tushensa ɗaya ne da sunan da ake ji kullum a ƙauyukan arewacin jihar Kano, kamar na yankin Kunci da Bichi da Tsanyawa.

Abin da ya bambanta wuraren biyu shi ne makomar sunan. Abubuwa biyu ne suka ɗaukaka shi a Faransa, wato addini da al'adar mayar da sunan magabata. Da suka yi rauni, sai sunan ya bi su. A ƙasar Hausa kuwa, waɗannan ginshiƙai biyu suna nan da ƙarfinsu.

Asalin sunan

Mafi daɗewar siffar sunan da aka sani ita ce Miryam a harshen Ibrananci. A cikin Attaura, wannan shi ne sunan 'yar'uwar Annabi Musa da Annabi Haruna.

Masana sun yi saɓani a kan ma'anarsa. Wasu sun danganta shi da wata tsohuwar kalmar Misirawa mai nufin abar ƙauna, suna masu kafa hujja da cewa a Masar aka haifi mai sunan ta farko. Wasu kuma sun alaƙanta shi da kalmomin Ibrananci masu nufin ɗaci ko tawaye.

Wani malamin Kirista mai suna Jerome, wanda ya rasu a shekara ta 420, ya fassara shi da ɗigon teku. Daga baya masu kwafar littattafai suka sauya harafi ɗaya a kalmar Latin da ya yi amfani da ita, ma'anar ta koma tauraruwar teku, laƙabin da mabiya ɗariƙar Katolika ke amfani da shi har yanzu.

A nasu ɓangaren, wasu malaman tafsirin Alƙur'ani sun ce a harshen mutanen wancan zamani, Maryam na nufin mai yawan ibada.

Daga Ibrananci sunan ya shiga harshen Aramiya a matsayin Maryam. Girkawa suka rubuta shi Mariam ko Maria, Rumawa suka ɗauki Maria, daga nan kuma Faransawa suka samu Marie, Ingilishi suka samu Mary.

Binciken da aka yi a kan rubuce-rubucen kaburbura da tsofaffin takardu ya nuna cewa a zamanin Annabi Isa, Alaihis Salam, babu sunan mace da ya kai wannan yawa a tsakanin Yahudawan Falasɗinu. Shi ya sa littattafan Linjila suka ambaci mata da dama masu wannan suna, har sai an haɗa da sunan gari ko na ɗa kafin a bambance su.

Matsayinsa a Musulunci

Nana Maryam, mahaifiyar Annabi Isa, ita kaɗai ce macen da Alƙur'ani ya ambata da sunanta. Sunan ya zo sau 34, kuma sura ta 19, mai ayoyi 98, sunanta take ɗauke da shi.

A cikin suratu Ali Imrana an ba da labarin yadda mahaifiyarta ta yi bakancen abin da ke cikinta ga bautar Allah, da yadda ta raɗa mata suna bayan ta haife ta, da kuma fifikon da aka ba ta a kan matan duniya.

Surar tana da tarihi na musamman da nahiyar Afirka. Lokacin da Musulmin farko suka yi hijira zuwa Habasha, wajen shekara ta 615, wani ɓangare na suratu Maryam ne Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta a gaban sarki Najjashi, wanda Kirista ne, kuma sarkin ya ƙi miƙa su ga wakilan Ƙuraishawa.

Akwai kuma Mariya, Baƙibɗiya daga Masar, mahaifiyar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW). Ta dalilinta ne siffar sunan ta Girkanci ta shiga cikin sunayen Musulmi. Don haka idan aka samu Maryam da Mariya a gida ɗaya a ƙasar Hausa, kamar yadda yake faruwa sau da yawa, suna ɗaya ne ya shigo ta ƙofa biyu.

Yadda ya mamaye Faransa

A Faransa sunan ya fara yaɗuwa sosai daga ƙarni na 12, lokacin da girmama mahaifiyar Annabi Isa ya ƙaru a cocin Katolika. A shekara ta 1163 aka fara gina babbar majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris, wadda aka sadaukar da ita gare ta.

A 1638 sarki Louis na 13 ya ayyana sanya ƙasarsa baki ɗaya a ƙarƙashin kariyarta, kuma har yau ranar 15 ga watan Agusta, da aka keɓe don tunawa da ita, ranar hutu ce a Faransa.

Al'adar iyali ma ta taimaka. A wajen bikin baftisma, akan zaɓi wata mace daga dangi ta zama uwar riƙon jaririya ta fuskar addini, kuma sau da yawa sunanta ake bai wa yarinyar. Ta haka Marie ta riƙa haifar Marie daga tsara zuwa tsara.

Doka ita ma ta takaita zaɓi. Wata doka da aka kafa a 1803, zamanin Napoleon, ta tanadi cewa sunayen da ke cikin kalandu, waɗanda akasari na waliyyan Kirista ne, da na fitattun mutanen tsohon tarihi, su kaɗai jami'an rajista za su karɓa.

Da masu sunan suka yi yawa, sai aka shiga haɗa shi da wani domin bambancewa, kamar Marie-Claire da Marie-Louise da Marie-France. Hatta maza sun samu rabonsu a sunaye irin su Jean-Marie.

Baƙi ma sukan mayar da nasu sunan zuwa wannan siffa. Masaniyar kimiyyar nan Marie Curie, wadda ta ci lambar yabo ta Nobel a 1903 da 1911, Maria aka raɗa mata a ƙasar Poland, ta koma Marie bayan ta isa Paris a 1891.

Dalilin ja da baya

Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Faransa, INSEE, wadda ke da jerin sunayen jarirai tun daga 1900, sun nuna cewa Marie ya ci gaba da zama a kan gaba har zuwa shekarun 1950. Daga nan sunaye irin su Brigitte da Sylvie da Nathalie suka karɓe fage, kowanne ya yi 'yan shekaru ya wuce.

Wani mai nazarin ra'ayin jama'a, Jérôme Fourquet, ya yi amfani da waɗannan alƙaluma a wani littafi da ya wallafa a 2019. Ya nuna cewa daga kimanin kashi 20 cikin ɗari a 1900, adadin jariran da ake raɗa wa Marie ya faɗo ƙasa da kashi 1 cikin ɗari a 2016, kuma ya ɗauki hakan a matsayin ma'aunin yadda tasirin cocin Katolika ya ragu.

Tun a 1905 Faransa ta raba addini da gwamnati, kuma bayan yaƙin duniya na biyu masu zuwa coci suka riƙa raguwa. Ƙaura daga karkara zuwa birane ta sassauta ikon kakanni a kan zaɓen suna, fina-finai da talabijin kuma suka kawo sababbin abin koyi.

A watan Janairun 1993 aka soke tsohuwar dokar, aka bai wa iyaye 'yancin zaɓen sunan da suke so, muddin ba zai cutar da yaron ba. A shekarun baya-bayan nan, sunaye irin su Louise da Jade da Emma ne suka fi tashe.

Wani abin lura shi ne, yayin da Marie ke ja da baya, siffofin Maryam da Mariam suna ƙara bayyana a rajistar haihuwa ta ƙasashen Turai ta hanyar iyalan Musulmi. A Ingila da Wales, Maryam ya shiga jerin sunayen mata ɗari da aka fi raɗawa.

Shigowarsa ƙasar Hausa

Sunan ya iso ƙasar Hausa ne tare da Musulunci. Littafin tarihin Kano ya nuna cewa malaman Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, kuma addinin ya ƙara kafuwa a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15.

Kafin nan Hausawa na da nasu sunayen, waɗanda suka danganci rana ko yanayin haihuwa, kuma ba su ɓace ba. Har yanzu a yankunan manoma ana samun Ladi da Talatu da Jummai da Asabe, da Marka wadda aka haifa a tsakiyar damina, da Kande wadda ta biyo bayan maza, da Azumi.

Abin da ya faru shi ne sunayen Musulunci sun zama sunayen yanka, na gargajiya kuma suka koma laƙabi.

Harshen Hausa ya sarrafa sunan daidai da tsarinsa. Da yake kalmomin Hausa sun fi son ƙarewa da wasali, sai Maryam ya zama Maryama ko Maryamu. Sannan aka juya sautukan tsakiya, aka samu Mairama da Mairamu, aka kuma taƙaita zuwa Mairo ko Mero, kamar yadda Ibrahim ya zama Iro, Hadiza ta zama Dije.

Hausawa Kirista, ciki har da waɗanda suka fito daga cikin Maguzawan karkarar Kano da Katsina, sun fi amfani da Maryamu, siffar da ke cikin fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa, wadda aka fara bugawa cikakkiya a 1932.

Jihadin ƙarni na 19 ya ƙara wa sunan daraja. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sunanta Maryam, malama ce kuma marubuciya, ta kuma auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. Bayan rasuwar yayarta Nana Asma'u a 1864, ita ce ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru, tsarin da ke kai ilmi ga matan karkara.

Ranar suna a karkara

A ƙauyukan yankin Kunci, inda gidaje da gonaki ke haɗe da juna, kuma dangi ke zaune kusa da kusa, zaɓen suna ba lamarin miji da mata ba ne su kaɗai.

Bayan haihuwa, uba ko wani malami yakan yi wa jaririya huɗuba a kunne. Idan kwana bakwai ya zagayo, maza sukan taru a ƙofar gida da sassafe, a raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, a bayyana suna, a yanka rago. Daga wannan yanka ne aka samu kalmar sunan yanka. Wanzami ya yi aski, mata kuma su yi nasu taron da rana.

Bisa al'ada, mutum yakan so ya mayar da sunan mahaifiyarsa, ko na surukarsa, ko na gwaggo ko wata 'yar'uwa da ta rasu. Idan takwarar tana raye, ana sa ran za ta yi wa jaririyar hidima, kuma zumuncin yakan ɗore har zuwa aurenta.

Wannan shi ke sa suna ya daɗe a cikin zuriya. Idan kaka sunanta Maryam, kuma tana da 'ya'ya maza biyar, ba abin mamaki ba ne a samu jikoki uku ko huɗu masu sunanta a gida ɗaya.

Sai dai alkunya ba ta barin a kira sunan. Ɗa ba ya faɗin sunan mahaifiyarsa, suruka ma ba ta faɗin na uwar mijinta, don haka sai a riƙa kiran yarinyar Ummi ko Mama ko Inna ko Hajiya. Yarinya kan girma har ta isa shiga makaranta, maƙwabta ba su san cewa Maryam ne sunanta na yanka ba.

Masu iya magana na cewa suna linzami ne, kuma Hausawa sun ɗauki zancen da muhimmanci, domin sun yi imani cewa mutum yakan bi sunansa. Ita kanta ƙaramar hukumar da aka daɗe ana kira Kunci, sunan da a kunnen Bahaushe yake kusa da kalmar ƙunci, hukumomin jihar Kano sun sauya mata suna zuwa Ghari.

Daga Mairo zuwa Maryam

Ko da yake sunan bai ja baya ba, siffarsa ta sauya. A tsakanin tsofaffi an fi jin Mairo da Mairama, a tsakanin 'yan makaranta kuwa Maryam ce ta yi rinjaye.

Yaɗuwar makarantun Islamiyya, da yawan zuwa aikin Hajji, da wa'azin da ake ji a rediyo, sun sa iyaye da dama suna son a furta suna kamar yadda yake a Larabce. A birane, wasu na kallon Mairo a matsayin sunan mutanen ƙauye, kamar yadda ake yi wa Indo da Kulu da Abu, waɗanda asalinsu A'isha ne da Hauwa'u da Zainab.

Fitattun mata ma sun ƙara wa sunan kwarjini. Daga 1985 zuwa 1998, in ban da 'yan watannin gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Ernest Shonekan a 1993, uwargidan shugaban Najeriya Maryam ce.

Maryam Babangida, wadda aka haifa a 1948 kuma ta rasu a watan Disambar 2009, ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987, abin da ya kai sunanta ƙauyuka masu nisa. Sunanta na farko Maria ne, ta koma Maryam, wato akasin tafiyar da sunan Marie Curie ya yi.

Maryam Abacha ta biyo baya da shirin tallafa wa iyali. A yau akwai jami'o'i masu ɗauke da sunanta a Maraɗi da Kano.

A 2012 Mai shari'a Maryam Aloma Mukhtar ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin babban jojin Najeriya, har zuwa 2014. A masana'antar fina-finan Hausa kuwa, masu sunan sun yi yawa har sai an haɗa da sunan mahaifi ko laƙabi, kamar Maryam Booth da Maryam Yahaya.

Tsallaken iyaka

A Jamhuriyar Nijar, wadda Faransa ta yi wa mulkin mallaka har zuwa 1960, sunan ya haɗu da rubutun Faransanci. Duk da haka Musulmin ƙasar ba su ɗauki Marie ba. Sun riƙe nasu, sai dai a takarda akan rubuta shi Mariama.

Daga cikin masu sunan akwai Mariama Keïta, wadda ake ɗauka a matsayin mace ta farko 'yar jarida a ƙasar, ta kuma rasu a 2018, da Mariama Gamatié Bayard, mace ta farko da ta tsaya takarar shugabancin Nijar, a 2011. A Senegal kuma akwai marubuciya Mariama Bâ.

Saboda haka 'yan'uwa biyu da aka mayar wa sunan kaka ɗaya, ɗaya a Kano ɗaya a Maraɗi, za su iya samun takardu masu rubutu daban.

Matsalar takardu

Dalilin da ya sa Faransa ke iya faɗin adadin masu kowane suna shi ne daɗewar rajista. Tun a 1539 aka wajabta wa limaman coci rubuta sunayen waɗanda aka yi wa baftisma, a 1792 kuma aikin ya koma hannun hukumomin gari.

A Najeriya, hukumar ƙidaya ta ƙasa ce ke da alhakin rajistar haihuwa, amma binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna cewa kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista, kuma adadin ya fi ƙaranci a karkara.

A da, wannan bai dami kowa ba, domin a ƙauye kowa ya san kowa. Yanzu al'amarin ya sauya. A 2014 Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da lambar BVN ga masu ajiya, a ƙarshen 2020 aka umarci a haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, daga 2021 kuma hukumar JAMB ta wajabta wannan lamba ga masu neman shiga jami'a.

Kwamfuta ba ta san alkunya ba. Yarinyar da aka rubuta Mairo a katin rigakafi, Ummi a rajistar firamare, Mariam a takardar jarrabawa, sannan Maryam a katin ɗan ƙasa, mutum huɗu ce a wurin na'ura.

Gyara irin wannan saɓani yakan buƙaci takardar rantsuwa daga kotu, wani lokaci da sanarwa a jarida, da kuɗin mota zuwa birni fiye da sau ɗaya. Ga iyalin manomi, wannan kan iya jinkirta buɗe asusun banki, ko karɓar tallafi, ko ma ya sa yarinya ta rasa zangon karatu.

Hanya mafi sauƙi ita ce iyaye su tsayar da rubutu ɗaya na sunan yanka tun daga ranar suna, su karɓi takardar haihuwa da shi, su kuma tabbatar cewa shi ne malamin makaranta ya rubuta a ranar farko. A gida kuwa, babu abin da zai hana kaka ta ci gaba da kiran takwararta Mairo.